Bokitin da ke Bayan Motar Gernot

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Adelheid ta kira ni ta ce mijinta, Gernot Zeilmann, ya cika a asibiti a Bamberg, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Shekarunsa sittin da takwas. Wanda ya ba da aron rai ya karɓi abinsa, mu da muka rage jiran lokaci muke yi. Fiye da rabin rayuwata ni ke riƙe masa igiya in yana hawan dutse, shi ke riƙe mini in na hau, don haka ba sai wani ya gaya mini wanda aka rasa ba.

Gernot, na so in rubuta maka ta'aziyya mai sanyi, irin wadda ake karantawa a coci kowa ya share hawaye a wuce shan kofi. Na kasa. Abin da na gani bayan taron tunawa da kai a filin Oma Kuni, tsohuwar manomiyar da muke kwana a filinta in mun je hawan dutse, shi ya hana ni. Filin nan kai ka hana a rufe mana shi, kuma kowa ya san da me ka hana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma bari in fara da mota, tunda kai ma kowace hira da mota kake fara ta.

A cikin mahawa dutse na yankinmu, duk wanda zai sayi motar tafiya da kwana, kai yake ɗauka rakiya. Ba ka fara duba inji. Kujerun baya kake kwantarwa, ka tuɓe takalmi, ka shige ka miƙe kamar gawa. Da kakar bara, da tsatsa ta cinye tsohuwar motarka har ana hango kwalta ta ƙarƙashin ƙafa, na raka ka wurin wani dillali a bakin gari. Yaron ya sha kwat, ya ja mu gaban wata ƙatuwar farar mota mai gado da murhu da wurin wanka, sai ƙyalli take yi.

Ya ce, "Yallaɓai, ga wadda ta dace da ku. Gida ce sukutum, har da bayan gida a ciki."

Ka ce, "In tankin ya cika fa?"

"Sai a juye."

"A ina?"

Ya yi 'yar dariya. "Haba yallaɓai, ai daji da faɗi."

Ka ce, "Ɗan samari, dajin nan da kake gani gonar wata ce."

Ka bar shi nan ka nufi wata tsohuwar mota ruwan toka, gajera mai dogon baya, da aka tura can ƙarshen layi. Ka kwanta, ka kira ni: "Ekkehard, cire takalmi ka shigo, mu ga ko tumbinka zai bar ni in juya." Muka jeru mu biyu da furfurarmu, ka ce wa dillalin ya rufe but, ƙofar bayan motar. Ya ce, "Ku yi haƙuri, nan ba masauki ba ne." Ka ce, "Rufe dai, ba minshari za mu yi maka ba." Ka miƙe ƙafa ka ga ta miƙu. Ka tashi zaune ka ga kanka bai bugi rufi ba. Ka fita ka auna faɗinta da hannu, ko za ta wuce tsakanin rumbun ciyawar Oma Kuni da bishiyar cerinta ba tare da ta karya reshe ba. Daga ƙarshe ka je ka ɗauko bokitinka mai murfi da guntun shebur, ka gwada su a lungun bayan taya. Suka zauna daidai. Dillalin ya toshe hanci da hankici, kai kuwa ka miƙa masa hannu ka ce an daidaita.

Ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba: motocinka wari suke yi. Takalman hawa da suka sha gumi, jiƙaƙƙiyar igiya, safa, cukuin da ya manta ranar da aka saye shi. Wannan da ka saya ma ba ta yi wata guda ba ta kama warin gidansu. Sau nawa na tashi da asuba a kudancin Faransa ko a gindin duwatsun Norway na leƙa kai ta taga don in sami iska, kai kana ta barcinka. Adelheid kaɗai ta iya da warin nan, tun tana amarya. Amma a duk yawonmu ba ƙauyen da aka taɓa ƙwanƙwasa mana gilashi aka ce mu tashi. Wanda ya ga motar sai ya ɗauka ɗan'uwan wani ne ya zo ziyara. Kai kuma kafin ka taɓa dutse sai ka sayi burodi a garin, ka gaida mai gona, ka tambayi inda ba a so a taka.

Motarka ta kowa ce. Wanda ba shi da abin hawa ya zo ya karɓi makulli, sharaɗi ɗaya, kada ya sauke bokitin. Na tuna wata mata baƙuwa da ta faɗo ta karya idon sawu, ba ka san ko sunanta ba, ka shimfiɗe ta a katifarka ka kai ta asibiti. Tana nishi tana tambayar ko wani abu ne ya mutu a ƙarƙashin kujera, kai kana ba ta haƙuri kana dariya.

Dutsen Akuya, inda muka koyi hawa, yana saman filin ciyawar Kunigunde Dorsch, wadda kowa ke kira Oma Kuni, kuma ba hanyar zuwa gare shi sai ta ƙofar filinta. Tun mijinta na da rai suke barinmu mu ajiye mota a gefe mu kwana, ba su taɓa neman komai ba. Sai zamanin manyan motoci ya zo. Bayan shinge ya cika da farar takarda da abin da ke ƙarƙashinta. Wata bazara injin yankan ciyawa ya kwashi ƙazantar nan ya haɗa da abincin shanu, saniya guda ta haɗiyi tsumman goge jiki ta mutu. Oma Kuni ta fito da sarƙa da kwaɗo za ta rufe ƙofar filin. Kai ka bi ta har kicin, hula a hannu, ka daɗe a ciki. Da ka fito ka gaya mini abin da ta ce: "Muddin kana zagaya filin nan kana kwashewa, ƙofa a buɗe take. Ranar da abin ya fi ƙarfinka, ku nemi wani dutsen."

Tun daga lokacin, kowace Litinin da safe, in mutanen ƙarshen mako sun watse, kana can da safar hannu da shebur. Ƙattai masu ƙarfin rataya da yatsa biyu a jikin dutse sun kasa tona rami ɗan taƙi, kai dattijo kana bin bayansu. Suka raɗa maka Sarkin Bokiti, suna faɗa suna dariya. Na sha riƙe maka leda, na kuma sha komawa gefe in yi amai, kai kana fito da baki kamar mai tsinkar furanni. Ko a gadon asibiti, da murya ta fara ɗaukewa, tambayarka ita ce wa ya zagaya filin. Ni da Adelheid muka riƙa karɓa-karɓa don hankalinka ya kwanta.

Asabar ɗin da ta biyo bayan jana'izarka aka yi taron tunawa da kai a filin. Fararen motoci suka cika shi har bakin rafi, ɗaya ma ta karya babban reshen cerin nan da kake auna mota dominsa. Aka kafa hotonka a gindin dutse, aka kunna kyandir, aka gasa nama, aka sha giya. Wani mai suna Thilo, wanda ba ya hawa sai da mai ɗaukar hotonsa, ya hau kan rufin motarsa ya ce kai ka koya musu son dutse da girmama ƙasa, har muryarsa na rawa. Aka tafa. Kafin rana ta faɗi na mai da Adelheid gida, su kuwa suka kwana biyu.

Litinin da safe ni da Adelheid muka zo a motarka, kamar yadda muka saba. Tun kafin mu fito wari ya tare mu. Bayan shinge ba wurin sa ƙafa. Wani ya juye tankin bayan gidan motarsa a kwatar da ke gangara rafin da shanu ke sha, ruwan ya koma shuɗi, ƙudaje sun yi baƙi a kai. A gindin dutsen kuwa, taku kaɗan daga hotonka, wani ya tsuguna ya yi abinsa, ya ɗora ɗaya daga cikin kyandiran a kan takardar don kada iska ta ɗauke ta. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Waɗannan su ne masu kukanka, Gernot.

Adelheid ta koma wurin motar. Ta buɗe but, ta sa safar hannunka da ta yi mata yawa, ta durƙusa da baƙaƙen kayanta ta fara kwashewa. Matar da ba ta gama karɓar gaisuwa ba tana kwashe kashin masu gaisuwar. Muna cikin haka Oma Kuni ta gangaro da sandarta, sarƙar nan a wuyan hannu. Ta tsaya ta daɗe tana kallon matarka.

Na ce, "Oma Kuni, ki yi haƙuri. Ni zan ci gaba daga inda ya tsaya. Kowace Litinin za ki gan ni."

Ta ce, "Kai da ke amai tun ba a buɗe murfi ba?"

"Zan saba."

"Ba na so ka saba. Shekara da shekaru ina leƙowa ta taga ina kallon mutumin kirki yana kwashe kashin ƙattai, ina cewa don shi zan bari. Yanzu kuma in tsaya in kalli matarsa? Tashi, 'yata, ya isa."

Adelheid ta ce sai ta gama, kuma ta gama. Ta rufe bokitin, ta mai da shi lungunsa, ta ja motarka ta wuce tsakanin rumbu da bishiyar ceri ba ta taɓa ko ganye ba. Ita ce mota ta ƙarshe da ta fita daga filin. Oma Kuni ta zagaya sarƙa a ƙofa, amma yatsunta sun ƙage da tsufa, kwaɗon ya ƙi dannuwa. Ta dube ni. Daga nan ina hango gefen dutsen da muka fara hawa tare muna samari. Na karɓi kwaɗon na danna mata shi, kuma har yau ban ji na yi kuskure ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Adelheid da 'yarku Svea da jikokinka, da Oma Kuni wadda ta rasa maƙwabci na gari ko da yake ba garinku ɗaya ba. Allah ya ba su haƙurin rashinka, ya tsaya musu. Waɗanda suka kwana a filin nan kuwa ban yi musu ta'aziyya ba, kuma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Allah ya jiƙanka, Gernot, ya yafe maka kurakuranka, ya saka maka da alherin kowace Litinin. Allah ya yalwata makwancinka fiye da bayan motar nan, inda za ka miƙe ƙafa ka huta, ba ka bin bayan kowa da shebur.