Matafiyin da Bai Bar Gari Ba

Duk Bahaushen da ya taɓa zama a unguwar Ainu Shams ta birnin Alƙahira ya san Ɗantsoho direba, wanda bai san fuskarsa ba ma ya san muryarsa. Mutumin Haɗeja ne, dogo, mai ƙaton hannu, wanda ya fara da yaron mota a hanyar Kano zuwa Nguru tun gemu bai fito masa ba. Wani ma'aikacin ofishin jakadanci ne ya taho da shi Alƙahira yana tuƙa shi. Da aka yi wa maigidan canjin wurin aiki, Ɗantsoho ya ce bari ya ɗan ƙara shekara guda kafin ya koma gida. Shekarar nan ce ta ƙi ƙarewa. A cikinta ya auri Mahasin, Bahaushiyar Sudan mai haɗa turaren wuta, a cikinta suka haifi 'ya'ya mata biyu har suka aurar da babbar, Rahamatu, a cikinta kuma ya samu aikin tuƙa motar wani kamfani a unguwar Dokki, yana kai kayan aiki daga wannan asibiti zuwa wancan.

Abu biyu yake taƙama da su, kuma ba ya jiran a tambaye shi. Na farko, tunda ya kama sitiyari ko kaza bai taɓa bugewa ba. Na biyu, tunda ya balaga bai taɓa shan azumi ko ɗaya ba, ko a shekarun da yake kwana a kan hanya.

Ana saura kaɗan azumin shekarar 2012 ya kama, Mahasin ta ja shi wurin likita da ƙyar, don ta gaji da ganin yana rama yana shan ruwa kamar raƙumi. Likita ta ce ciwon suga ne, ta rubuta masa ƙwayoyi, ta ce bana ya haƙura da azumi. Ɗantsoho ya yi mata godiya kamar mutumin kirki. Suna fitowa ya ce da Mahasin ai wannan ciwon masu zaman ofis ne, kuma idan ya ji maganar a bakin wani, to daga wurinta ta fita. A ganinsa mara lafiya shi ne wanda ke kwance ana shigowa ana ce masa sannu. Ya kuma san abin da ake yi wa direban da aka ce ba shi da lafiya: a yi masa addu'a, a karɓe makullin mota.

Ya ɗauki azumi. Ƙwayar yana haɗiye ta da sahur, don Mahasin ba ta ɗauke ido daga kansa sai ta ga ta wuce. Amma azumin bana ba irin wanda ya saba ba ne. Zafin Alƙahira ya yi zafi, wuta sai ɗaukewa take yi, kafin azahar ƙarfinsa ya ƙare. A ransa ya san ba zai kai ƙarshen watan ba. Yadda zai ajiye azumin ba tare da an kira shi mara lafiya ba, shi ne abin da ya rasa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya biya shagon abokinsa Hamad mai faci, don shagon yana da fanka da talabijin. Hamad ya kamo wata tashar wasanni, ana maimaita wani tseren motoci da aka yi a Amurka, a wani fili da ake kira Daytona. Ɗantsoho ya zauna a kan tsohuwar taya ya zuba ido. Motoci ne fiye da arba'in, masu kamar motocin gida amma an yi musu rubuce-rubuce har rufi, sun matse juna gaba da baya suna falfala gudu a kan wani titi mai siffar ƙwai.

"Ina za su?" in ji shi.

"Ba inda za su, ya usta," in ji Hamad, wanda ke kiran sa yadda Misirawa ke kiran direba. "Zagayawa suke yi."

"Na ga suna zagayawa. In sun gama zagayawar, ina za su?"

"Nan ɗin dai."

Ɗantsoho ya dube shi ya ga ba wasa yake yi ba. Ya mayar da ido kan talabijin, kansa ya ƙara ɗaurewa. Kowace kwana ta hagu ce, ba ta dama ko ɗaya. Ba fasinja, ba kaya, ba mai danna ham, ba mai leƙo kai ya zagi na kusa da shi. Hamad ya ce ƙofofin ma ba sa buɗuwa, ta taga direba ke shiga kamar ɓarawo, fitilun gaba kuma ba na gaske ba ne, hoto ne aka manna. Can sai wata mota ta ratse gefe, wasu ƙarti suka duro mata, kafin Ɗantsoho ya gyara zama sun sauya taya huɗu sun ɗura mai, ta wuce.

"Ka gani ko?" ya ce da Hamad. "Kai taya ɗaya sai mutum ya yi sallah ya dawo."

"Ma'alish, yi haƙuri. Ka kawo mini ƙarti shida ka sha kallo."

Daga nan wasu motoci suka gogi juna, hayaƙi ya tashi, aka ɗaga wani ƙyalle rawaya. Sai ga wata mota da ba ta cikin tseren ta shigo gaba, duk suka bi ta a hankali kamar masu rakiyar gawa, wanda ya yi nisa da wanda aka bari a baya suka sake haɗuwa wuri ɗaya. Nan Ɗantsoho ya daina tambaya, don kowace amsa sai ta haifo masa wata tambayar. Ga dubban mutane a zaune suna ihu, shi kuwa ya rasa abin da suke yi wa ihun.

Mai sharhi ya faɗi da Larabci cewa tseren mil ɗari huɗu ne. Hamad ya ce wato kamar daga nan zuwa garin Luksor, can kudancin Masar.

Ɗantsoho ya miƙe zaune sosai. "Luksor? A zaune a wuri ɗaya?"

"A guje dai."

"To ai matafiya ne! Wanda ya yi tafiyar Luksor ai kasaru ta kama shi, azumi ma in ya ga dama ya ajiye."

Hamad ya yi dariya ya ce shi faci ya sani. Amma Ɗantsoho ba dariya yake yi ba. Shi ma kullum a kan Da'iri yake wuni, babban titin nan da ya kewaye Alƙahira, daga Dokki zuwa wancan bakin gari, ya dawo, a sake aikensa. In aka haɗa abin da tayarsa ke ci a wuni, ya wuce tafiyar kasaru nesa ba kusa ba. Matafiyi kuwa ba abin tausayi ba ne. Mutum ne mai ƙarfi da Allah Ya yi wa rangwame saboda hanya, ya rama daga baya kansa a ɗage. Rabon da ya ji sanyi a ransa irin na ranar tun kafin zuwa wurin likita.

Bayan la'asar ya tare Malam Sagiru a ƙofar masallacin unguwa. Sagiru Bazazzage ne, magidanci, yana karatun digiri na biyu a fannin fiƙihu, kuma shi 'yan gida ke kai wa tambayoyinsu.

"Malam, fatawa na kawo. Wani direba ne a Amurka, yana tseren mota, mil ɗari huɗu a rana ɗaya. Zai iya ajiye azumi?"

"Baba, daga wane gari zuwa wane gari?"

"Babu gari. Fili ne, zagayawa yake yi."

Sagiru ya ƙifta ido. "Musulmi ne?"

"A ƙaddara Musulmi ne."

"Ka san shi ne, Baba?"

"Malam, kai dai ba ni amsa."

Sagiru ya gyara tsayuwa ya yi bayani a hankali. Ya ce ba abin da taya ta ci ake dubawa ba. Tafiya a shari'a sai mutum ya nufi wani wuri mai nisa, ya fita har gidajen garinsa su ƙare a bayansa. Wanda ya wuni yana kewaya wuri ɗaya, ko da mil dubu ya yi, mazauni ne, sallarsa cikakkiya, azuminsa yana kansa.

"Ko da a kan Da'iri ne?"

"Na ɗauka a Amurka yake."

Ɗantsoho ya yi kamar bai ji ba. "To in mutumin baƙo ne fa? Ba garinsu ba ne, zuwa ya yi, kuma komawa zai yi."

"Baba," in ji Sagiru, yana ƙoƙarin danne murmushi, "wanda ya yi niyyar zaman 'yan kwanaki ma a gari ya zama mazauni. Balle wanda ya aurar da 'ya a cikinsa."

Maganar ta soki Ɗantsoho fiye da yadda mai faɗarta ya nufa. Shekara ashirin da ɗoriya yana ɗaukar kansa mai shirin komawa gida, yau sa'an ɗan cikinsa ya tsaya a ƙofar masallaci ya gaya masa a zaune yake. Sagiru ya lura da busassun leɓɓansa da yadda ya jingina da bango, sai ya rage murya.

"Amma ayar da ta ambaci matafiyi, mara lafiya ta fara ambata. In mutumin naka yana da wata larura, ƙofa a buɗe take, ba sai ya je Luksor ba."

"Wa ya ce maka wani ba shi da lafiya?" in ji Ɗantsoho. Ya zura takalmansa ya wuce ko sallama babu.

A gida Mahasin ta riga ta gaji da lallashi. Da aka sha ruwa ta ajiye masa kunu ta ce, "Baban Rahamatu, Allah Ya ba ka sauƙi ka ce ba ka so. To wa kake yi wa azumin, Shi ko mutanen Ainu Shams?" Ya ce mata khalas, a bar maganar. Ta bar ta, amma ya ga tana share ido da gefen mayafi, abin ya tsaya masa a rai.

Ranar Lahadi aka aike shi da kwalaye zuwa wani asibiti a gabashin gari. Ya hau Da'iri rana tana tsaka. Titin nan ya san shi kamar tsakar gidansa, amma yau allunan hanya sai suka riƙa zuwa suna wucewa bai gama karanta su ba. Gumi mai sanyi ya keto masa. Ya ga mafitar da zai sauka, ya ce a ransa ga ta nan, sai kuma ya ga ta a madubi tana baya. Ya ce ba komai, zai sauka a ta gaba. Ta gaban ma ta wuce. Dogayen gidaje na jan bulo suka yi ta maimaita kansu dama da hagu, ya rasa ko gaba yake yi ko dawowa. Ya nemi sunan asibitin da aka aike shi a kansa, ya rasa. Wata ƙaramar mota ta danna masa ham mai tsawo, ya farga ya ga rabin motarsa a layin da ba nasa ba, a kujerar bayan waccan motar kuma wata mata ta rungume jaririnta tana kallonsa da ido waje.

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba a kan hanya. Ya lallaɓa ya gangara gefen titi, ya tsaya a bayan wata babbar mota mai ɗauke da albasa, ya kifa kai a kan sitiyari.

Direban babbar motar, wani Basa'ide mai rawani daga kudancin Masar, yana tsugune a inuwar tayarsa yana dafa shayi a ɗan risho. Ya taso ya leƙo ta taga, ya ga hannun Ɗantsoho yana karkarwa, ya koma da sauri ya dawo da kofin shayi da ya sha suga.

"Karɓi, ya Hajj. Ni daga Aswan na taso, a kan hanya nake, shi ya sa ka gan ni da shayi." Ya miƙo kofin. "Kai ma matafiyi ne?"

Ga ƙofar da ya yi ta nema ta buɗe da kanta. Mutumin nan bai san shi ba, ba zai sake ganinsa ba, gyaɗa kai kawai ya isa. Ɗantsoho ya dubi kofin, ya dubi titin da ba zai iya cewa ga inda ya nufa ba. Idanunsa suka cika da ƙwalla.

"A'a," ya ce. "A nan garin nake. Ba ni da lafiya ne."

"Allah Ya ba ka lafiya," in ji Basa'iden, ko a jikinsa. "Sha, kafin ya huce."

Ɗantsoho ya yi bisimilla, ya kama kofin da hannu biyu don kada ya zube, ya sha.