Sawun ɓarawon da na gano a jarrabawar ƙarshe

Shekarun baya, lokacin ina jami'a a nan Abuja, duk faɗin garin babu mai idon bincike irin nawa. Kimiyyar sinadarai na je karantawa, amma na haɗa da kwas ɗin binciken laifuka a gefe, wato gano mai laifi ta zanen yatsa da sawu da ɗigon jini. Wata uku da farawa, ko cokali ya ɓata a gidanmu na Garki sai na tara mutanen gida in duba hannuwansu.

Ranar jarrabawar ƙarshe, malamarmu ta shirya wani ɗaki kamar an yi sata a ciki. Kowa zai shiga shi kaɗai, ya tattara shaida, ya rubuta rahoto. Wanda ya faɗi sai ya maimaita shekara, ga mahaifiyata ta riga ta shaida wa duk unguwa bana nake gamawa.

Layi ya zo kaina ina dawowa daga sallar azahar. Na isa ƙofa na tuɓe silifas kamar yadda aka rene ni, har da sallama, na zagaya ɗakin ina gyaɗa kai. Sai na tuna ban ɗauko safar hannu da ledar rufe takalmi ba. Na fita na sako su, na dawo cikakken ma'aikaci.

Ina barbaɗa baƙar hodar fito da sawu a kan tayil, sai ga sawun ƙafa raɗau. Na auna, na ɗauki hoto, na cika shafi huɗu: ɓarawon ƙato ne, babu takalmi, tafin ƙafarsa shimfiɗe kamar faranti, babban yatsan hagu a karkace. Kuma ya zagaye ɗakin hankali kwance, alamar ya daɗe a sana'ar.

Bayan kwana biyu malama ta aiko kirana. Wani abokina ya ce, "Oga, ina ga aiki za su ba ka."

Da na je, ta ajiye rahoton a gabana ta ce, "Mu sawun takalmi muka sa, a gindin taga. Wannan na waye?"

"Na ɓarawo ne, Malama."

"Cire takalminka na hagu."

Na cire. Yatsan nan ya fito a karkace yana kallona. Nan take na hango maimaita shekara guda, na hango fuskar mahaifiyata.

Ta auna ƙafata, ta duba takardar, ta sake aunawa. Ta ce ɓata wurin bincike babban laifi ne, ta zaftare maki son ranta. Amma awona bai kuskure ko kaɗan ba, don haka na haye da kyar.

Har yau in na tuna sai na sauke ajiyar zuciya. Tun daga ranar, in abu ya lalace a gida ko ofis, kaina nake fara bincika kafin in nuna wa wani yatsa.

Da na ba mahaifiyata labari, ta dubi ƙafar ta ce, "Shekara huɗu a jami'a ba ka san ƙafarka ba? Da ni ka nuna wa hoton, daga nesa zan faɗa maka. Irin ta babanka ce."