Ruwan Sanyi a Jikin Sadiku

Ƙauyenmu yana kusa da Makoda, inda gonar wannan take manne da ta wancan, ba ka gane iyaka sai da jerin gamba. Idan an gama girbi, sanyi ya fara shigowa, kakarmu Iya Hanne takan hura karan dawa a ƙofar ɗakinta bayan isha'i, ta binne gyaɗa a toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ni "maigida" take kira na don tsokana, wai miji ne ni amma ba ta taɓa ganin cefanena ba. Ba ta fara tatsuniya sai ta ce, "Baƙuwa ta iso, wa zai ba ta tabarma?" Mu kuwa mu amsa baki ɗaya, "Ta zauna a tamu!"

Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne. Guda ɗaya ce babu dariya a cikinta, kuma ita ta fi maimaitawa. Wai an yi wani saurayi mai gudun tsiya, aka aike shi wani gari da tsakiyar bazara ya karɓo wa uwarsa magani. Ya je ya dawo a guje, ko inuwa bai raɓa ba. Da ya iso bakin rijiyar garinsu jikinsa ya ɗau zafi, sai ya roƙi mata masu ɗiban ruwa su kwara masa guga ɗaya. Wata mai tausayi ta kwara masa.

A nan Iya takan ƙura wa wuta ido. Sannan ta ce, "Kun taɓa ganin an sauke tukunyar ƙasa daga murhu an zuba mata ruwan sanyi? To, haka zuciyarsa ta yi. Fas! Matan nan duk sun ji ƙarar. Ku dai, jiki in ya yi zafi, kada ku kuskura ku sa masa ruwa."

Ni dama matsoraci ne, ban taɓa ɓoyewa ba. Duk ranar da ta yi wannan tatsuniya, da hannuna a ƙirji nake kwana, ina sauraron zuciyata ko ta fara tsagewa. Har na zama saurayi, in na dawo daga ƙwallo ba na wanka sai gumi ya bushe ƙaf. Ba ni kaɗai ba, duk ƙauyen haka aka ɗauka.

Da Allah ya kai ni jami'a, kimiyyar wasanni da motsa jiki na karanta. Iya ta riƙe baki ta ce, "Yanzu guje-gujen ma sai an je makaranta?" A shekara ta biyu muka yi darasin yadda jikin ɗan Adam yake aiki: zuciya, huhu, jini, tsoka. Wata rana malamarmu ta yi mana bayanin yadda gumi ke sanyaya jiki, da abin da ke faruwa idan zafi ya fi ƙarfinsa. Mutum ya rikice, ya yi ta sambatu, ya faɗi, ƙwaƙwalwa da ƙoda su fara lalacewa. Ta ce abin yi shi ne a jiƙa shi sharaf da ruwan sanyi nan take, tun kafin a nemi motar asibiti.

Ban san lokacin da na ɗaga hannu ba. Na ce, "Malama, zuciyar ba za ta fashe ba?" Aji ya kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce, "A gidanmu ma haka ake faɗa. Amma jinkiri ne yake kisa, ba ruwa ba." Na rubuta, na haddace, na ci jarrabawa. Can cikin raina kuwa maganar Iya ce a zaune.

Na zo hutu cikin bazara, samarinmu suka gayyaci na ƙauyen maƙwabta wasan ƙwallo. Baƙin suna son komawa da wuri, don haka aka take wasa tun rana na tsakiyar dukanta. Ƙanena Sadiku yana buga gaba. Bayan an dawo hutun rabin lokaci na ga ya fara tangaɗi, ya nufi ragarmu maimakon ta baƙi, sai ya zube. Da na taɓa wuyansa, zafin ya ba ni tsoro. Idanunsa a buɗe, amma bai gane ni ba.

Jama'a suka taru. Wani ya ce iska ce, wani ya ce a lulluɓe shi. Na ce a ja shi gindin darbejiya, na yage rigarsa, na ruga famfon tuƙa-tuƙa na masallaci na ciko bokiti. Ina dawowa na tarar da Baba ya iso, ya tare ni.

"Kai, Kabiru! Kana da hankali kuwa? Kashe shi za ka yi?"

Na tsaya riƙe da bokiti. Wallahi a lokacin ba karatun da na tuna, tukunyar nan kawai nake gani. In na zuba ya mutu, ni na kashe ƙanena a gaban ubanmu. In na bari, na san abin da ke ci gaba a cikin jikinsa.

Na ce, "Baba, ka yafe mini." Na kwara masa, na rufe ido ina jiran ƙara.

Ban ji komai ba sai salatin mutane. Na ce a ƙaro, aka yi ta ƙarowa, mai sayar da ruwan leda ya juye mana ƙanƙararsa, wasu suna yi masa fifita da riguna. Can sai Sadiku ya motsa, ya ce da ƙyar, "Yaya, sanyi." Daga nan muka sa shi a mota zuwa asibiti, ya kwana uku aka sallamo shi.

Ranar da muka dawo Iya ta kira ni ɗakinta. Na shirya shan faɗa, sai na same ta tana murza carbi, ba ta ko dube ni ba. Ta ce, "Da gaske ruwan ne ya tashe shi?" Na ce da ikon Allah, shi ne.

Sannan ta ba ni labarin ɗanta na fari, Baffa Sani, wanda ni dai abin da na sani shi ne ya rasu da ƙuruciya. Daga sharar gona ya dawo da rana tsaka ya faɗi a tsakar gida. Ta ɗebo ruwan randa ta zuba masa, kafin la'asar ya cika. Wata maƙwabciya ta ce ruwan ne. Iya ta ce, "Tun ubanka yana goye nake ganin hannuna ne ya kashe shi."

Na gaya mata gaskiya, ban san abin da ya yi ajalinsa ba, amma ba ruwan ba ne, kuma abin da ta yi shi ne daidai. Ta ce in sake faɗa. Na sake, ta sa gefen zani ta rufe fuska.

Shekara da shekaru na ɗauka tatsuniyar don tsorata yara ce, ashe uwa ce take faɗin abin da ta kasa faɗa wa manya. Iya ta rasu yanzu, Allah ya jiƙanta. Har yau idan na tuna tsayuwar nan tawa da bokiti, gabana yana faɗuwa. Da na bi maganarta a ranar, da ta binne jika, kuma da ta tafi kabari tana ganin ita ta kashe ɗanta.