Hasashen da Kuramochi Bai So Ya Ci Ba

A filin tseren kekuna na garinmu kowa ya san Kuramochi, ɗan gajeren tsohon nan mai dusasshiyar murya da ke tsayuwa kan akwati a gindin matakala. Yosoya ne, wato mai auna ’yan tsere ya gaya wa masu caca wanda zai zo na ɗaya. Sunan ba na alfahari ba ne, akwai ma masu faɗarsa suna yatsina fuska. Shi kuwa ko a jikinsa.

Ba ya sauraron jita-jita, ƙafa yake kallo. Da ’yan tsere sun fito zagayen gaisuwa zai ƙura wa sharaɓarsu ido, ya gane wanda ya ƙoshi da barci da wanda gwiwa ke damu. Bai taɓa zuba kuɗi ko yen ɗaya a caca ba, kuma bai taɓa faɗin abin da bai gani ba. Kuskure kam yana yi, har ya fi dacewar yawa.

Matarsa Tomie, mai sayar da gasasshiyar taliya a bakin ƙofar filin, ta mai da shi abin tsokana.

“Jama’a, ku ji na maigidana da kyau, sannan ku zaɓi akasinsa!”

“Kin ji ki! Da bakin nan na ciyar da ke.”

“Taliyata dai, Malam.”

Da ciwo ya kwantar da ita a kakar bara, likitoci suka yi ta kwana-kwana. Wata safiya ta tako daga gado zuwa taga tana dafa bango, ta juyo ta kama shi yana kallon ƙafafunta.

“To, yosoya, me ka gani? Zan ga furen bazara?”

Ya so ya yi ƙarya, har ya buɗe baki, amma bakin bai saba ba.

“Ba za ki kai ba, Tomie.”

Ta yi dariya har da tari. “Madalla, na tsira ke nan! Yaushe ka taɓa faɗa daidai?”

Tun daga ranar yake biyawa ta wurin bauta kafin ya tafi aiki, yana roƙon a ƙaryata shi. Yana sonta ƙwarai, kuma bai iya faɗa ba sai ta wannan hanyar.

Ta rasu itatuwa ba su ko fara toho ba. Bayan makoki ya koma kan akwatinsa. Wani tsohon abokin ciniki da bai ji labari ba ya daka masa kafaɗa.

“Malam, bana ka ci ko ɗaya kuwa?”

“Na ci ɗaya,” in ji Kuramochi.