Fulogi a Bakin Mashigi

Karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma ya ishe ni karanta lambar da ke jikin fulogi, wanda ban ga amfanin da ya fi wannan ba a duk abin da aka koya mana. Babur ɗina ya girmi wasu jikokina. Ni da shi mun san halin juna: in ya yi tari da safe na san raɓa ce, in ya yi tari da rana na san fulogi ne, wato ɗan abin nan mai farin kai da ke ba inji wuta.

Tun da hanya ta lalace da mutanen daji, ba a fita daga Unguwar Lalle zuwa kasuwar Isa ɗai-ɗai. Ana taruwa da hantsi a tafi ayari, a dawo ayari. Dokar ayari kuwa ba ta da kunya. In babur ya mutu a daji, na bayanka zai ɗauke ka, babur ɗin a bar wa mai rabo. Wanda nasa ya mutu sau biyu, an sallame shi, sai dai ya riƙa ba da saƙo. Madugunmu ɗan ƙanwata ne, mutumin da na yi wa wanka da hannuna, yanzu ya tara gemu yana kafa mini doka.

Nawa ya riga ya mutu sau ɗaya, Allah ya taimake ni a bakin gari ne, na tura shi gida. Da yamma madugu ya zo ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, sannan ya ce, “Kawu, saura guda.”

Na ce, “Ba laifina ba ne, fulogi na yac ci amana.”

“Wane daga ciki? Na cikin gwangwanin nan?”

Ina da gwangwanin madara cike da tsofaffin fulogai. Ba na yar da su. In ɗaya ya gaji sai in kankare shi da reza, in ƙona bakinsa da ɗan fetur, in ba shi hutu, in ɗauko ɗan'uwansa. Haka ake yi wa gona, ban ga dalilin da zai hana a yi wa ƙarfe ba. Madugu bai karɓi wannan ilimi ba. Ni kuma abin da ya dame ni, in aka cire ni daga ayari, na zama tsohon da ake sayo wa goro da maganin ciwon gwiwa, ana kawo masa labarin kasuwa da ya riga ya huce.

Na tafi Sabon Birni wurin mai kayan babur, wani Bayarabe da ya tsufa a garin har Gobiranci ya fi zama a bakinsa. Yana hango ni, da wasan nan na Bayarabe da Bagobiri, ya ce, “Bawana ya zo gaisuwa.”

Na ce, “Ubangidanka dai. Tashi ka ba ni kujera.”

Na miƙa masa tsohon fulogi, don ba a sayen fulogi da baki. Akwai mai dogon wuya, akwai mai gajere. Ka sa dogo inda gajere ya dace, ya leƙa ciki ya gaisa da fistin, daga nan sai bakanike ya san sunan matarka da na 'ya'yanka. Akwai kuma na injin ban-ruwa, wanda mutanen fadama ke cusa wa babur su ce ai duk wuta ce. Bayaraben ya duba bakin nawa fulogin, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, ya ce babur ɗin na shan mai fiye da ƙima. Lafiyayyen fulogi bakinsa kalar soyayyar gyaɗa yake.

Ya fito da kwali biyu masu kama ɗaya, ya ce ɗaya na gaske ne, ɗaya jabu, in zaɓa tunda na yi boko. Na auna su a tafin hannu, na duba rubutun, na ɗauki wanda zanensa bai karkace ba. Ya ce ashe Bagobiri na gani. Muka jingina shi jikin inji, na buga kik, wuta ta fito shuɗiya tana ƙyas-ƙyas. Na ɗauki biyu irinsa, ɗaya na inji, ɗaya na aljihu. Sifanata ta dā ta yi musu faɗi, sai na haɗa da sabuwa, irin mai kamar bututu da rami a gindi inda ake zura ɗan ƙarfen murɗawa.

Ranar kasuwa an kwana ana ruwa. Akwai wani mashigi kafin Isa, kurmi ta kowane gefe, inda ko mai yawan surutu yakan yi shiru. Ruwan ya kai gwiwa. Na shiga, na fita, ina hawa gangare babur ya yi tari biyu ya mutu. Na buga kik, shiru. Na sake, shiru.

Wani Bafulatani mai sayar da tumaki, wanda ke bayana, ya matso ya ce, “Baba, hau.”

Na ce, “Za ni duba fulogi.”

“Nan wurin?”

Na cire hular fulogin, ruwa ya zubo. Na ɗauko sabuwar sifana na kafa, na laluba jaka neman ɗan ƙarfen murɗawa, babu. Daga baya na same shi a murhu, uwargida ta ga ya dace da tone garwashi. A lokacin dai ga sifana a kan fulogi, ga ayari ya kai kan tudu.

Sai na ji injuna suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Madugu ya sauka, ya juya mini baya, ya ce da ƙarfi, “Jama'a, fitsari ya kama ni.” Ya tsuguna gefen hanya. Abin mamaki, ashe duk ayarin ciwo ɗaya ke damunsu. Magidanta suka jeru a tsugune, kowa fuskarsa na kallon kurmi, ba mai kallona. Bafulatanin ya jefo sukudireba ta bayan kafaɗarsa, ya faɗi kusa da ƙafata.

Na zura shi a ramin sifana na kwance jiƙaƙƙen fulogi, inji na ƙona mini yatsu. Na ɗauko busasshen daga aljihu. Komai sauri, da hannu ake fara ɗaura fulogi, a bi shi a hankali har ya zauna, don in ya hau a karkace ya cinye haƙoran inji, babur ya zama na mai rabo. Sai da ya zauna na sa sifana na ɗan ƙara, ba irin ɗaurin mai jin haushi ba. Na goge hular da bakin rigata na mayar. Bugu na farko ya yi gunaguni, na biyu ya tashi.

Nan take kowa ya warke. Muka kama hanya har muka shiga Isa.

A bakin kasuwa na sami madugu yana kwance buhunan gero. Na ce, “To, an sallame ni?”

Ya ce, “Kan mi, Kawu?”

“Babur ya mutu a mashigi.”

“Ni ban gani ba. Bayana na juya.” Ya sauke buhu, ya share gumi. “La'asar za mu tashi. In ka makara, wannan kam ina gani.”

Na ce yaro bai isa ya koya mini lokaci ba. Na je na sayi gorona da kaina, na zaɓi wanda nake so, kuma tun kafin a kira salla ina kan babur a wurin taruwa.