Daraktan da ke tauna tuwo

Na aje aiki da daɗewa, amma ban taɓa mantawa da ranar da muka kai Daraktanmu cin tuwo Argungu ba. Ku da kuka shigo aikin furotokol yanzu, ku ji wannan, don ku san irin mutanen da za ku yi wa hidima.

A lokacin ina mataki na tara a wata hukuma mai kula da noman rani a Birnin Kebbi. Aikina in riga tawaga isa duk inda za a yi rangadi, in duba wurin zama, in tsara masu jawabi, in san inda za a ci abinci. Akwai wata doka ta rangadi da ba a rubuta ba: ba mai sa hannu a akushi sai Darakta ya sa, kuma da ya wanke hannu ya miƙe, kowa ya miƙe, motoci su tashi. Ko loma tana hannunka, aje ta za ka yi.

Daraktanmu Alhaji Manu ne, ƙaton mutum mai ci a natse. Idan ya zauna gaban tuwo sai ka ƙoshi ka ƙara ka sa nama a leda bai tashi ba. Don haka ma'aikata ke sonsa, kada wani ya ce muku don iya aikinsa ne. Amma jikin ya zame masa kaya. Ga ciwon suga, ga hawan jini, ga gwiwoyi sun ƙi. A masallacin ofis akwai wata farar kujerar roba a ƙarshen sahu, a kanta yake salla. Wata rana a mota ya ce mini, "Haliru, na manta rabon goshina da ƙasa. Wanga abu shi ad damuwata, ba sugan ba."

Ya ɗauki hutu ya tafi Alƙahira, aka ce duba lafiya. Da ya dawo, uwargidansa ta sa aka kira ni gidansu a Gesse, ta ce tunda abincin rangadi a hannuna yake, dole in sani. Aiki aka yi masa. An ɗaura wani zobe na roba a saman tumbinsa, ya rage ɗan aljihu wanda bai fi ƙaramin kofin shayi ba. Da farko kunu da romo kawai, daga baya abinci mai laushi. Loma ƙarama, a tauna ta sosai, a huta, sannan a ƙara. Ba shan ruwa a kan abinci, ba lemon kwalba, ba nama mai tauri. Ta ce, "Malam Haliru, amana ce. Ko tuwo sai ya tamna shi kamar goro."

To, nan matsalar take. Mu nan ba a tauna tuwo. A yanka, a dangwala miya, a haɗiye. Babban mutum ya zauna cikin jama'a yana tauna tuwo kamar tsohuwa marar haƙori? Alhaji ya ji kunyar haka. Sai ya koma ɗanɗana miya sau biyu ko uku, ya wanke hannu, ya miƙe.

Ku zo ku ga fuskoki! Mutane masu digiri, masu furfura, suna barin cinyar kaza da ƙwalla a ido. Na ga shugaban sashen injiniyoyi yana gudu zuwa mota da kan kifi a aljihun babbar riga. Rangadin da a da ake faɗa a kan shiga jerinsa ya koma horo.

Daga nan magana ta tashi. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce ciwon daji, wasu suka rage murya suka ambaci ciwon da ba a son faɗi. Jagoran wannan ilimi shi ne Mataimakin Darakta, Ɗantani, mutumin da bai taɓa karanta fayil har ƙarshe ba amma ya san faɗin wuyan rigar kowa. Kullum yana gaida Alhaji da "Allah ƙara sauƙi," alhali ba wanda ya ce masa ba shi da lafiya.

Ga abin da ya fi ba ni haushi. A cikin watannin nan Alhaji ya rage allurar suga, ya fara hawa bene ba haki. Wata azahar ya shigo masallaci ya wuce kujerar, ya tsaya a sahu, ya yi sujada da goshinsa. Ina kusa da shi, na ji yana kuka a hankali. Aka mayar da kujerar sito. Cikin ma'aikatan nan kaf ba wanda ya ce masa barka. Sun ga wuyansa ya zube, ba su ga ya kai ƙasa ba.

Na ce masa, "Ranka shi daɗe, ka tara su ka gaya musu gaskiya, kowa shi huta."

Ya ce, "In ce musu mi? Na kasa kame bakina sai da anka ɗaure man ciki kamar buhu? A'a, Haliru."

Shi ma da nasa. Mutumin da ya yarda aka yanka shi, amma bai iya jure dariyar Ɗantani ba.

Lokacin girbin shinkafa ƙungiyar manoman wata fadama a Argungu ta gayyace mu. Na riga tawaga zuwa kamar kullum, na sami shugabansu, Alhaji Arzika, dattijo mai mutunci. Na roƙe shi a yi wa Darakta farfesun kifi mai laushi a ƙaramin kwano, na ce likita ya hana shi abu mai nauyi. Ya amince. Ashe bayan na tafi Ɗantani ya buga masa waya, ya ce ba wani likita, Darakta tsoron abincin manoma yake, gani yake za a sa masa wani abu. Daga baya na ji wannan daga bakin Arzika kansa.

Bayan jawabai aka shimfiɗa tabarmi a zauren Arzika. Ban ga ƙaramin kwano ba. Dattijon da kansa ya ɗauko akushin tuwon sabuwar shinkafa, ga giwan ruwa, ga gasasshen rago, ya dire gaban Alhaji. Alhaji ya gutsuri ɗan kaɗan ya fara taunawa, kansa ƙasa.

Ɗantani ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ranka shi daɗe, yau kuma tuwo a ka tamna? Ko ana neman wani abu ciki?"

Aka yi dariya. Arzika bai yi ba. Ya matso, ya sa hannu a akushin, ya yanki loma ya haɗiye, ya ce, "Alhaji, shinkafar ga da hannuna na noma ta, ɗiyata tad dafa. Ga shi na ci gabanka. In ba ka yarda da mu ba, faɗa muna."

Na durƙusa kusa da kunnen Darakta na ce, "Ranka shi daɗe, gaya mai. Dattijo na, za shi gane." Ya ture ni da gwiwar hannu. Ya naɗe hannun riga, ya yanko loma irin ta da, ya haɗiye. Ya ƙara. Ya yagi naman rago ya bi da shi. Ɗantani ya buɗe lemon kwalba ya miƙa masa, ya kurɓa. Zauren ya ɗauki "Madalla, madalla," kamar an sauke Alƙur'ani.

Ba a jima ba na ga ya daina motsi. Gumi ya keto masa, ya dafe ƙirji, yawu na taruwa a bakinsa ya kasa haɗiyewa. Ya ce zai kama ruwa, ya fita. Na same shi bayan mota a durƙushe yana kakari, abin ya ƙi sauka, ya ƙi fitowa. Ni da direba muka ɗaga shi. Daga zauren kuwa ba wanda ya leƙo. Tunda bai wanke hannu ba, a dokance bai tashi ba, don haka suka ci gaba da ci. Ranar dai sun cika doka.

Kafin mu iso Birnin Kebbi ko ruwa ba ya zama a cikinsa. A asibiti suka ce ba su da mai taɓa irin wannan aiki, aka wuce da shi Abuja. Can aka ce aman ya sa zoben ya goce daga wurinsa, tumbin ya shaƙe, dole aka cire shi. Arzika ya zo har Gesse dubiya, ya ji gaskiya daga bakin Hajiya uwargidan Darakta, ya zauna ya rufe fuska da rawani. Ya ce da an gaya masa, da kunu zai dama da hannunsa. Shi kaɗai na ji ya nemi gafara.

Da zoben ya tafi, tsohuwar yunwar ta dawo da ƙarfinta. Alhaji ya yi ƙoƙari, na shaida, amma rangadi bai tsaya ba, akussa ba su tsaya ba. Kafin girbi ya zagayo jikin ya koma yadda yake. Ofis ya cika da murna. "Alhamdu lillahi, Oga ya murmure." Har walima aka haɗa masa.

Abin da na koya a aikin nan ke nan: ku tsara kujeru da jawabai yadda kuka ga dama, amma ku sani yawancin masu bin babba rangadi ba lafiyarsa suke dubawa ba, hannunsa suke kallo a akushi. Kuma babban da ke tsoron bakin na ƙasa da shi, ba jami'in furotokol ɗin da zai iya tsare shi.

Wata azahar Alhaji ya sunkuya zai yi ruku'u, gwiwa ta ƙi, ya dafa bango. Da la'asar Ɗantani da kansa ya shiga sito ya ɗauko farar kujerar, ya kaɗe mata ƙura da hularsa, ya aje ta a ƙarshen sahu yana murmushi. Ya ce, "Ranka shi daɗe, ga wurinka."

Alhaji ya daɗe yana kallonta. Aka tayar da iƙama, ya zauna.