Baba Sannu, Direban da Ke Bin Na Ƙarshe

Kafin rana ta fito Baba Sannu ya gama wanke motarsa. Tsohuwar bas ce fara, wadda a ranakun aiki take mayar da ma'aikatan filin wasa gida. Ranar tseren dogon zango kuwa ita ke bin bayan masu gudu tana kwashe waɗanda suka gaza. Yakan jiƙa tawul-tawul ya jera a bokiti, ya dama gishiri da sukari a jarkar ruwa, ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska, ya ƙara sukari. Daga nan sai ya buɗe gaban motar ya zare wayar hon, wai don kada hannunsa ya yi masa shisshigi a hanya.

Wannan watan ya ajiye makulli, gwiwoyi sun ce sun gaji. Ba a buga hotonsa ko'ina ba, don masu ɗaukar hoto na gaba suke bi, shi kuwa tun yana da baƙin gashi bai taɓa ganin fuskar wanda ya zo na ɗaya ba. Ƙeyar na ƙarshe ya sani. Shi ya sa na ce bari ni in yi magana, tunda dama a gidanmu an ce bakina ba ya gajiya.

Duk wanda ya taɓa zama na ƙarshe zai gaya maka Baba ba ya matsowa kusa. Yana barin tazara, don a cewarsa ƙarar inji a bayan wanda ya gaji kiran kwanciya ce. In mutum ya ɗaga hannu, sai ya matso, ya buɗe ƙofa, ya yi tambayarsa guda: ƙafa ce ko zuciya? In jiki ne ya ƙi da gaske, ba gardama, da kansa yake sauka ya tallafo mutum. Wata malamar makaranta ta ba ni labarin yadda ya rufa mata tawul har fuska, ya ce saboda zafi ne, alhali ya ga hawaye ne ba ya son mutanen bakin titi su gani. In kuwa zuciya ce ta karye, to a nan halinsa yake.

Ni a kan ƙanena na san shi. Autanmu kafinta ne. Tun da matarsa ta rasu ya rufe shago ya shige ɗaki, ya bar wata kujera da ƙafa uku a kan teburin aiki. Abinci rabi, magana rabi. Innarmu ta yi lallashi, ni na yi faɗa, duk a banza. Likita ne ya ce ya riƙa ɗan gudu da safe, kuma abin mamaki ya karɓa. Wata rana Auta ya ce da Inna ya sa sunansa a tseren, in ya kai ƙarshe zai buɗe shago. Bai faɗi abin da zai faru in bai kai ba. Mu dai mun sani.

Ranar ina cikin masu miƙa ruwa a teburi na kusa da ƙarshe. Jama'a suka wuce, rana ta take, muka fara tattara kofuna, sai ga Auta shi kaɗai a titi. Wallahi da ƙyar na gane shi. Gishirin gumi ya bushe fari a fuskarsa, yana jan ƙafar hagu, kansa na lilo, ya wuce ni bai ko san ni ce ba. Can baya farar bas tana tafe kamar mai rakiyar amarya tsohuwa. Na yi wuf na shige, na ce da Baba ya ɗauki yaron nan kafin ya faɗi, ɗan'uwana ne. Ya ce in zauna, 'yata, ya fi ni ganinsa.

Ba mu yi nisa ba Auta ya tsaya, ya dafa gwiwoyi, ya ɗaga hannu. Baba ya matsa, ya sauka da jarka da tawul. Ya ba shi ruwan kaɗan-kaɗan, ya ɗora masa tawul a wuya, ya durƙusa da gwiwoyin nan nasa ya murza masa jijiyar da ta ɗaure har ta saki. Ya duba idonsa, ya tambaye shi sunansa da inda yake, ya ji amsa daidai. Sannan ya yi tambayar.

Auta ya sunkuyar da kai. Da ya buɗe baki, muryar ba tasa ba ce.

"Baba, ban ga amfanin ƙarasawa ba. Babu mai jirana a can."

Ni da ke zaune cikin mota na ji maganar har cikin ƙirjina. Baba bai yi masa wa'azi ba. Ya nuna wata falwaya, ƙarfen wayar lantarki, a gaba.

"Ban ce ka ƙarasa ba, ɗana. Ka ga waccan? Kai min can. Ƙofa a buɗe take, in ka isa ka ce in ɗauke ka, zan ɗauke ka."

Ya ce masa ya rage faɗin taku, ya saki kafaɗu, ya daina kallon nesa. Auta ya ja jiki ya kai falwayar. Ya waiwayo, Baba ya leƙo ta taga ya nuna ta gaba. Haka muka yi ta yi. Wani wurin gudu, wani wurin tafiya, wani wurin ya rungume ƙarfen yana haki. Aka buɗe hanya, motoci suka taru a bayanmu suna ta zagi, Baba ya kunna fitilun gefe ya tare masa titi da jikin bas ɗin. Ni kuwa na ciji gefen mayafina har ya huje.

Can muka hango filin wasa. An kwance ƙyallen da ake ɗaurawa a layin ƙarshe, an kwashe kujeru, babu kowa sai masu shara. A nan Baba ya yi abin da aka ce bai taɓa yi ba: ya taka mota ya wuce mai gudu. Na ga fuskar Auta ta taga, ya zaci mun bar shi. Baba ya tsaya a ƙofar filin, ya ciro naɗin bandeji daga akwatin magani, ya ɗaura baki ɗaya a madubin mota, ya miƙa min ɗayan ya ce in ja in tsaya can.

Auta ya zo da ƙirjinsa ya ture bandejin nan, ya faɗa jikina. Yana ta cewa Yaya, Yaya. Masu shara suka ajiye tsintsiya suka tafa masa. Baba ya juya baya yana goge gilashin da babu ƙura a kansa.

Kai ne gatan na ƙarshe, Baba. Kai ne ka san wanda za a ɗauka da wanda za a bari ya taka, kuma ba ka taɓa kunyata ko ɗaya ba. Kujerar nan ta sami ƙafarta ta huɗu, a kanta Inna take zama yanzu. Mun gode, Allah Ya saka maka, Ya sanyaya maka gwiwoyin nan.

Ku kuma da kuke da wani a gida wanda ya gaji da komai, kada ku tsaya masa a ka da hon irin nawa. Ku bi shi a hankali, ku nuna masa wuri kusa.

Likita ya ce dole Baba ya riƙa tattaki ko gwiwoyin su ƙage, shi kuma ya ce ina, ya gama da titi. Don haka kullum da safe, kafin ya buɗe shago, Auta yana zuwa ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Jiya na gan su a layinmu. Baba ya tsaya ya dafa sanda, ya ce a mayar da shi gida haka nan. Auta ya tsaya a bayansa, ya bar 'yar tazara.

"Baba, ƙafa ce ko zuciya?"

Tsohon ya harare shi, ya yi dariya har da tari. Sannan ya ɗaga kai ya nemi falwaya ta gaba.